Dokin Ƙofar da Na Rushe

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta.

Na rubuta wannan domin duk wanda yake da tsoho a gida. Mahaifina ya karye a cinya a farkon daminar da ta wuce, bai sake fita ƙofar gida da ƙafarsa ba sai da aka fara girbin gero. Ba mota ce ta buge shi ba, ba kuma daga bishiya ya faɗo ba. Dokin ƙofar zaurenmu ne ya kayar da shi, wato tudun ƙasar nan da ake ginawa a bakin ƙofa don tare ruwa. Na rushe shi. An ce na yi rashin kunya, har yau akwai masu faɗin haka a Roni. Zan faɗi yadda abin ya kasance, amma tun yanzu ina sanar da mai karatu cewa da za a sake gina shi, da na sake rushewa.

Gidanmu yana gindin dutse, a lungun da ruwa ke gangarowa in an yi sama. Kakanmu ne ya gina shi. Bayan rasuwarsa, babban ɗansa Baffa Haladu ya yi nasa gidan a tsallaken lungun, ƙofa na kallon ƙofa, ya bar mahaifina a tsohon gida. Ko da ya fita, maganar gidan tana hannunsa, don shi ne babba. Mahaifina, Malam Idi, maɗinki ne. A zauren nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinkin aska a gaban riguna, har yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni ne auta, an haife ni bayan an fid da rai. Yayyena mata suna gidajen aurensu a nesa, ni kuma ina makarantar horon malamai a Kano. Gida ya rage daga Baba sai Inna, sai ƙanwar su Baba, Gwaggo Tabawa, wadda ta dawo zama da mu bayan mijinta ya rasu.

Dokin ƙofar nan ba da tsawonsa aka gina shi ba. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, in an zo yaɓen zaure sai a shafa masa ƙasa shi ma. Shi yana ƙara tsawo, Baba yana ƙara tsufa, ba wanda ya lura, har ya kai tsakiyar ƙwauri.

Ranar da abin ya faru an yi yayyafi da rana. Baba ya dawo daga sallar la'asar, ya ɗaga ƙafar dama ya tsallaka, ta hagu ta ƙi biyo ta. Gwaggo ta ce ƙarar da ta ji daga cikin gida kamar an karya busasshen kara. Wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu ne ya kai mini labari Kano. Shugaban makarantarmu ya ba ni izini ba tare da doguwar tambaya ba, Allah ya saka masa.

Kafin in iso an riga an ɗauko maɗori daga wajen Gwiwa. Ya ja ƙafar, ya jera mata karare ya ɗaure, sannan ya sa aka kamo kaza ya karya mata ƙafa ya ɗora ita ma. Ya ce ranar da kazar ta taka, ranar Baba zai taka. Gwaggo ta zama mai gadin kaza. Ta fi kula da cinta a kan nata cin, har ranar da ta fito da ita shan hantsi shaho ya sauko ya yi sama da ita, da kararen ɗorin da komai.

Inna ta sa salati. Gwaggo ta bi shahon da kallo ta ce, "To, in dai maganar maɗori ce, Yaya Idi ba tafiya kaɗai zai yi ba, tashi zai yi."

Baba ya yi dariya daga kwance, dariyar ta koma nishi. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe a wannan watan.

Makon farko masu dubiya suka cika gida, kowa da nasa. Wani ya ce jifa ne daga abokin sana'a. Wata ta ce 'ya'yan mutanen ɓoye ya taka, a yi sadakar ƙosai. Kawuna ya zo daga Babura da wani mai a kwalba, ya ce da sefa ya saye shi a hannun mutanen arewa, ba ciwon ƙashin da ba ya ji. Duk wanda ya zo sai ya ɗaga riga ya tsallaka dokin ƙofar, ya shigo ya faɗi abin da ya kayar da Baba, ya sake ɗaga riga ya tsallaka ya fita. Ina rakuɓe a gefe ina kallonsu. Ba wanda ya dubi ƙasa.

A mako na biyu cinyar ta kumbura, zazzaɓi ya shigo, Baba ya daina cin tuwo sai kunu. Da nake goge masa jiki na lura ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta, tafin kuma ya kwanta waje, ko na miƙar da shi sai ya koma. Ban iya faɗa wa Baffa ba. Ni tun ina ƙarami in na durƙusa gaban babba harshena ɗaurewa yake. Na faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta tsallaka lungu ta faɗa masa da irin nata bakin. A nan dole in yi wa Baffa adalci. Bai yi musu ba. Ya buɗe rumbunsa a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke ƙulle nasa, ya sayar da gero ya ɗauko amalanke. Ba na kuma zagin maɗori. Ya ɗora mutane da yawa a ƙasarmu sun tashi, wannan karayar ce ta yi sama da inda hannunsa ke kaiwa.

Muka kai Baba ɗakin magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Kazaure. Mun isa da hantsi, ba a kai kanmu ba sai bayan azahar. Layin mutane ya zagaye bishiya ya dawo, Baba yana kwance a amalanke Inna tana kare masa rana da mayafinta. Da malamin asibitin ya fito ya ɗaga zanen ya duba, bai ɓata mana lokaci ba. Ya ba shi maganin zazzaɓi ya ce wannan sai Kano. Motar da muka samu ta fatu ce. Ba zan manta warinta ba, ba kuma zan manta yadda Baba ke damƙe hannuna a kowane rami har muka isa.

A babban asibiti aka rataye ƙafar da igiya, aka ɗaura mata jakar yashi a ƙarshen gado tana ja. Likitan wani siririn mutum ne mai karyayyiyar Hausa. Da ya gama dubawa ya juyo gare ni.

"Me ya kayar da shi?"

Na ce, "Dokin ƙofa."

"Yana nan har yanzu?"

"Yana nan."

Ya ce, "Ƙashi mu za mu haɗa. Amma in kun mai da shi gida ya sake faɗuwa a wurin, kada ku wahalar da kanku ku kawo shi. Na biyu ba ya tashi. In kuma kun kwantar da shi don tsoron faɗuwa, kwanciyar za ta kashe shi. Sai ku zaɓa."

Ya wuce gado na gaba. Wannan maganar ita ce ta zauna mini, ita na kwana da ita na tashi da ita har ƙarshen jinyar.

Makonnin da suka biyo baya kama ɗaya ne. Inna ta kafa murhu a bayan asibiti tare da sauran matan masu jinya. Akuyarta ta tafi a kuɗin abinci da gawayi, 'yar'uwar akuyar ta bi ta. Akwai ma'aikacin da ba ya kawo wa mara lafiya tasa sai an ɗan sa masa wani abu a hannu, ga mutum a matse, ga kunya. Ban yafe wannan ba tukuna. Akwai kuma wani dattijon ma'aikaci da ya lura gadon bayan Baba ya fara yin ja, ya koya mini yadda zan riƙa juya shi ina shafa masa mai kada gyambon kwanciya ya kama shi, bai karɓi ko goro ba. Wata mata daga Kanya Babba da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu, duk safiya sai ta dama kunu ta raba biyu. Mijinta bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ita kuma ya ba ta ladan kununta.

Da zazzaɓi ya sauka, kumburi ya saɓe, Baffa ya zo dubiya. Ya zauna a bakin gado ya tsara yadda za a yi.

"In an sallame ka, Idi, ɗakin ciki za a kai ka. A ajiye maka kasko da buta a kusa. Zaure da masallaci ka bar wa yara. Tsoho me zai fita nema? Salla a zaune ma Allah yana karɓa."

Baba ya ce, "To, Yaya." Ya juya fuskarsa bango.

Bayan na raka Baffa bakin ƙofa na dawo, na tarar da shi a haka. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Auta, ƙafata ta san tudun nan tun ana yaye ni. Idona ne ya daina gaya mata inda yake. Wannan ba shi ne karo na farko ba, sauran dai ban karye ba, kuma ba wanda ya gani." Ya ƙara da cewa, "Ashe na yi Juma'ata ta ƙarshe ban sani ba."

Na ce, "Baba, in aka cire shi fa?"

Ya ce, "Yaya ne babba."

Bai ce a cire ba, bai ce kada a cire ba. Na fita na bi Baffa tashar mota, na same shi yana jiran mota ta cika. Na durƙusa. Sai da na gaishe shi sau biyu kafin maganar ta fito.

"Baffa, dama cewa na yi ko za a rage dokin ƙofar zaure."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Bai yi faɗa ba, a hankali ya yi mini bayani. Ya ce shekarar da aka gina gidan, kakanmu ya yi tafiya ya karɓo kafi, wato maganin tsarin gida, a wurin wani malami, ya binne shi a bakin ƙofar, ya gina tudun a kai da hannunsa. Ya ce tun daga ranar ɓarawo bai taɓa shiga gidan ba, gobara ba ta taɓa kama shi ba, maciji bai taɓa saran kowa a ciki ba.

"Kai da aka haifa jiya a inuwarsa za ka ce a rage shi? Abin da ya sami ubanka ƙaddara ce. Da a kan tabarma aka rubuta zai karye, da a kan tabarma ya karye. Koma ka yi jinyarka, Malam Auta."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka." Na tashi. A hanyar komawa asibiti na gama shawarata.

Da likita ya ce an kusa kwance igiyar, na bar Inna da Baba na koma Roni. Na fara da cikin gida, inda ba mai hana ni. Na tuge turakun akuyoyin Inna da suka rage a tsakar gida ba abin ɗaurawa. Na kafa sanduna na ɗaura gora a jikinsu daidai ƙugu, tun daga ƙofar ɗakin Baba zuwa makewayi, daga can kuma zuwa zaure, yadda hannu ba zai taɓa rasa abin kamawa ba. Wurin alwala da gansakuka ta sa ya yi santsi na kankare na zuba tsakuwa. Gadon karansa na ɗaga shi a kan tubala, don tashi daga ƙasa shi ne abin da ƙafar ba za ta iya ba. Na shafa farar ƙasa a gefen kowace ƙofa don idon da ba ya ganin baƙi ya ga fari. Akwai wani tsohon turmi da gindinsa ya ruɓe ya huje, yana yashe a bayan rumbu. Na gyara bakinsa na kafa shi a kan ramin masai, ya zama wurin zama, tun da tsuguno ya ƙare wa Baba.

Gwaggo tana bina da kallo. Ta ce, "Auta, ashe hannun nan ya san wani abu ban da juya takarda. Saura babban."

Na je wurin maginin unguwarmu. Ya ce shi ba ya sa hannu a bakin ƙofar gidan mutane sai da yawun babban gida. Ban ga laifinsa ba.

Gwaggo ta ce in jira ranar da Baffa zai tafi kasuwar Babura, ya dawo ya tarar aikin gama ya gama. Na ƙi. Abin da zan yi ba sata ba ne. Da safe, bayan rana ta fito, Baffa yana zaune a dakalin ƙofar gidansa da mutum biyu, na ɗauki diga na tsallaka lungu, na ajiye ta, na durƙusa.

"Ina kwana, Baffa."

"Lafiya lau. Noma za ka koma?"

Na ce, "Baffa, na zo in gaya maka ne kada ka ji a bakin wani. Yau zan rushe dokin ƙofar nan."

Ya yi dariya ya dubi mutanensa. "Ku ji ɗan makaranta. Diga ma ta fi shi nauyi."

Na tashi na koma na fara sara. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse, yaɓe a kan yaɓe, kowace shekara da launinta. Kafin a jima tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Mutanen lungu suka taru. Wani ya ce a riƙe shi mana, amma ba wanda ya matso. Ban ɗaga kai na dubi kowa ba, don na san in na haɗa ido da Baffa digar za ta faɗi daga hannuna.

Can ƙasa bakin digar ya taɓa wani abu. Na ajiye ta na tona da yatsu. Ƙahon rago ne, an toshe bakinsa an naɗe shi da fata, fatar ta yi baƙi. Ban buɗe ba, ba nawa ba ne. Na ƙara zurfin ramin a daidai inda na same shi, na mayar da shi yadda yake kwance, na rufe, na daddanna ƙasa har ta yi daidai da daɓen zaure.

Sai a lokacin Baffa ya taso. Ya tsaya a tsakiyar lungu.

"Ka tone ubana a gabana."

Na durƙusa a cikin ƙasar na ce, "Baffa, abin Kaka yana nan inda ya sa shi. Tudun kawai na ɗauke."

Ya ce, "In dai ni ɗan halak ne, ƙafata ba za ta ƙara taka zauren nan ba." Ya juya ya shige gidansa.

Da labarin ya tsaya a nan da na ce na yi nasara, amma marka ta zo ta nuna mini abin da ban sani ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi ruwa mai ƙarfi da yamma. Ruwan dutse ya gangaro lungu kamar yadda ya saba, ya zo bakin ƙofarmu bai tarar da mai tare shi ba, ya shigo. Zaure ya cika har idon sawu. Akwatin zaren Baba ya jiƙe. Wata farar riga ta mutane da ya kusa gama ɗinkinta jar ƙasa ta ɓata ta, sai da na je na ba mai ita haƙuri. Gindin bango ya jiƙa ya fara zubowa. Ni da Gwaggo muka yi ta kwarfa da ƙwarya har magariba.

Washegari zance ya cika unguwa, kafi ya karye, ga alama ta farko. Baffa yana dakalinsa ya ce wa mutane, da muryar da zan ji, "Ai a makarantarsu an koya musu ruwa ba ya shiga gida sai ya yi sallama."

Gwaggo ma ta yi sanyi. Ta ce, "Auta, ko za ka mayar da ɗan kaɗan? Ko kamu ɗaya."

Na ce, "Gwaggo, kamu ɗaya ma ya isa ya kayar da shi."

Kaka ya yi gaskiya, ruwa yana buƙatar abin da zai hana shi. Abin da ban yarda ba shi ne dole sai abin ya zama mai karya ƙafa. Da aka sake yin ruwa na fita na tsaya a cikinsa ina kallon ta inda yake biyowa da inda yake son zuwa. Ashe gangaren lungun yana karkata ne zuwa kududdufin bayan gidanmu, ƙofarmu tana kan hanyarsa ne kawai. Na haƙa masa kwata a gaban zaure, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta zagaya ta bi jikin katanga. Na hau dutse na riƙa sauko da duwatsu na jera a gefenta, na rufe samanta da masu faɗi, daidai da ƙasa, ba wanda ya ɗaga kai. Daga kwatar zuwa ƙofa na zuba marmara na yi ɗan hawa mai sauƙi wanda ƙafa ba za ta ji shi ba sai ruwa. Matan unguwa da ake gayyata aikin daɓe ba wadda ta zo, saboda Baffa. Gwaggo ta jiƙa makuba ta ɗauki madaɓi ta yi shi ita kaɗai, tana bugu tana mita.

"Ni da aka kawo gidan nan in huta. Wancan ya karye, wancan ya yi rantsuwa, wannan ya haukace, ni ce da ciwon baya."

Ruwa na gaba ya zo ya bi kwata ya wuce. Masu cewa kafi ya karye ba su ce ya gyaru ba.

Aka sallami Baba da sanda, ya rame har rigarsa ta zama ta aro. A ɗauke aka shigo da shi. Da aka zo bakin zaure ya ce a tsaya. Ya daɗe yana duban ƙasa da idon da bai gani sosai.

"Ƙahon fa?"

Na ce, "Yana nan ƙarƙashinka, Baba."

Ya ce, "To. Mu shiga."

Inna ce ta tayar da rigima, kuma ba a kan ƙofa ba. Ta leƙa makewayi ta fito tana tafa hannu. "Auta, turmi? Wa ya taɓa zama a kan turmi, balle a can?"

Gwaggo ta ce, "Turmin da ba shi da gindi ai ya bar aiki. Ki bar shi ya ci abinci a sabon wuri."

Inna ta yi kwana biyu ba ta kula ni. Yanzu ita ma da shi take amfani, saboda gwiwarta, ko da yake ba ta yarda in faɗa ba.

Tashin Baba bai zo da sauƙi ba. Makon farko daga gado zuwa ƙofar ɗaki yake yi, gumi ya jiƙa shi. Akwai ranar da ya jefar da sandar ya ce Yaya ya yi gaskiya, a kawo kaskon. Na ƙi kawowa. Ban taɓa ƙin umarninsa ba sai ran nan. Na tsaya a ƙarshen gorar, kaina a ƙasa, yana ta faɗa, har ya gaji ya kama gorar ya taho don ya same ni ya yi faɗan da kyau. Da ya iso ya manta abin da zai ce. A hankali ya kai makewayi da kansa, daga baya ya kai zaure, ya zauna a inda ya saba.

Baffa bai shigo ba, amma bai fasa dubiya ba. Kowace safiya daga dakalinsa zai ɗaga murya, "Idi, ya jiki?" Baba ya amsa daga cikin zaure, "Da sauƙi, Yaya." Tsofaffi biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, lungu ne kawai tsakaninsu, suna gaisawa kamar masu noma a gonaki daban. Wannan ya dame ni fiye da zagin mutane. Na je na durƙusa na ba Baffa haƙuri a kan ɓacin ran da na jawo masa. Ya ce in mayar da tudun. Na ce wannan kam a'a, Allah ya huci zuciyarsa. Ya ce to in tashi in ba shi wuri.

Wata Juma'a, an fara yankan gero, Baba ya ce Inna ta ɗauko masa farar rigarsa. Ya yi alwala a kan tsakuwa, ya kama gora ya taho zaure. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ture. Da ya zo bakin ƙofa sai ya tsaya, ya dogara a sanda, ya ɗaga ƙafar dama sama har tsakiyar ƙwauri, ya tsallake abin da babu. Ya tsaya ya dubi ƙafar ya yi dariya. Ta hagun ya ja ta a ƙasa, ta biyo shi ba abin da ya tare ta.

Baffa yana dakali da rigar Juma'arsa, carbi a hannu. Baba ya tsallaka lungun a hankali har ya tsaya a gabansa.

"Yaya, ka ce ba za ka shigo ba. To ga ni na fito."

Baffa ya dube shi daga hula har ƙafa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Sannan ya matsa gefe ya share tabarma da hannu.

"Zauna ka huta kafin ka sake jawo mini kuɗin amalanke."

Da ladan ya yi kira suka tashi tare. Baffa ya riƙe masa gwiwar hannu har masallaci, ni ina bayansu da buzun Baba.

Jinyar ta ci akuyoyin Inna, ta ci geron Baffa, ni kuma ta ci mini jarrabawar shekara, sai na maimaita aji. Ƙafar Baba ta haɗe a gajarce, yana ɗingishi, ɗinki kuma ya ƙare masa. Ina godiya ga Allah, da duk wanda ya kawo kunu ko addu'a. Amma wanda yake da tsoho a gida, kada ya jira maɗori. Ya tashi yau ya bi hanyar da tsohon ke bi daga shimfiɗa zuwa makewayi, daga makewayi zuwa ƙofar gida, ya lumshe ido yana jan ƙafa ɗaya. Duk abin da ya tare shi ya cire, ko wa ya gina shi. Sai dai ya fara tambayar kansa aikin da abin yake yi, kada ruwa ya koya masa kamar yadda ya koya mini.

Har yau Baffa bai taka zaurenmu ba, ni ma ban mayar da tudun ba. Kowace safiya Baba ne ke fita wurinsa da ƙafarsa.